Rantsuwar Mai Itace

Ku gyara zama, 'ya'yana da jikokina, ku kawo kunne kusa, muryata ba ta kai ta da ba. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce. A gaban idona aka yi shi, a Misfala, unguwarmu ta Makka, tun motocin garin ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ni karatuna bai wuce na salla ba. Jikata ce ke riƙe da alƙalami, ni nawa baki.

Da ƙafa muka zo, ta Sudan, ina budurwa. Mu huɗu muka baro ƙasar Kano, mu biyu muka iso. Baba ya rasu a gonakin auduga inda muka tsaya neman guzuri, Inna kuma a bakin teku, tana kallon jirgin da za mu shiga. Allah ya jiƙansu. Aka bar ni da ƙanena, wanda muke kira Auta, yana tsakiyar famfara, in ya yi dariya sai ka ga ƙofa a bakinsa.

Mutumin da ya aure ni mai itace ne, Bahaushe, ya riga mu zuwa da shekaru. Da dattawan unguwa suka tambaye shi yadda za a yi da yaron, sai ya ce wanda ya ɗauki ƙwarya ai da faifanta yake ɗauka. Shi ke nan maganar ta ƙare. Muka tare mu biyu a ɗakinsa na gwangwani da buhu, can ƙasan unguwa inda ruwan ambaliya ke bi in an yi sama. Auta bai taɓa kiransa da wani abu ba sai Baba.

To, ku da kuka tashi da murhun gas, sai na gaya muku yadda sana'ar take. A cikin Harami ba a sare ɗanyen itace, ba a korar tsuntsu. Wannan kowa ya sani, ko tantabara ta sauka a kan hatsinki sai dai ki rufe hatsin. Saboda haka masu itace sukan kora jakunansu su wuce Ka'akiyya, su wuce alamun iyaka, su shiga kwaruruka inda samur yake, wani itace mai ƙaya ɗan uwan farar ƙayar ƙasarmu, wanda gawayinsa ba ya tartsatsi. A can ma hukuma ta ce busasshe kaɗai za a ɗauka. Amma busasshen nawa ne, ga gari guda yana jiran wuta? Sai mutanenmu suka samo dabara. Mutum zai tone yashi a gindin ɗanyen itace, ya sassaƙe ɓawon ya zagaye shi kamar faɗin tafin hannu, ya mayar da yashi ya rufe, ya yi tafiyarsa. In ya dawo bayan watanni, itacen ya mutu a tsaye. Ko askari, ɗan sandan hukuma, ya tare shi a hanya zai iya dafa Alƙur'ani ya ce a bushe ya same shi, kuma bai yi ƙarya ba. A tsakaninsu suna kiran abin ɗamara. Ba a faɗar sa a gaban baƙo, ba a faɗar sa a gaban mata ma. Ni sai da Auta ya fara bin maigidana daji na ji.

Bin dajin nan bai yi nisa ba. Maigidana ya dawo wata rana yana sauke kaya yana faɗa, wai ya aiki yaron ya riƙe jaki, ya waiwayo ya tarar da jaki ya kama hanyar Yaman, shi kuwa yaro yana ruf da ciki yana kallon yadda damo ke shiga rami.

Ya ce, "Wannan hannun ba na gatari ba ne. In na bar shi a daji, wata rana jakunan za su kai ni ƙara."

Ya kai shi makaranta. A shekarun yaƙin Turawa, da jiragen ruwa suka rage kawo alhazai, gari ya yi tsanani har muna raba gurasa ɗaya uku, na ce a fitar da yaron ya kama ɗaukar ruwa kamar sa'o'insa. Washegari maigidana ya ja jaki ɗaya kasuwa, ya dawo shi kaɗai.

Auta ya yi karatu, Larabcinsa ya fi na 'ya'yan gari tsabta. Amma halinsa na nan. In matan ƙauye suka kawo man shanu talla, sai ya tsare su da tambaya: wannan ganyen me kuke ce masa, wace dabba ke cinsa, da can yana da yawa ko yanzu? Ya juyo gare ni, Yaya, a gida me ake kiran sa? In ce tumfafiya, ko aduwa, ko magarya, ko in ce ban sani ba, ka bar ni in yi tankaɗe.

Da gwamnati ta buɗe ofishin gona aka ɗauke shi kwafar takardu. Ba a daɗe ba mudirin, wato shugaban ofishin, ya gane bakinsa ya fi hannunsa amfani, sai aka riƙa sa shi a bayan babbar mota ana kai shi ƙauyuka, har saman duwatsun Ta'if. Yakan tafi da kwalaye masu hoton barewa da tuje da zomo, ya tsaya a makarantun yara, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a, yana roƙon mutane su bar wa daji abin da zai haifa gobe. Lokacin ne masu hali suka fara bin barewa da mota, su kora ta har ta faɗi. Auta yakan ce musu, da can mafarauci da barewa kowa da ƙafarsa yake gudu, Allah ya ba mai rabo. Yanzu an ba ɗaya taya. Wani wuri a ba shi gahawa, wani wuri a bar shi yana magana da kwalayensa.

A unguwa kuwa ya sha suna. In ya shigo da farar rigarsa, masu zaman bakin hanya su ce, "Ga limamin ƙadangaru nan!" Wani ya ce, "Ya ustaz, yau wace bishiya ta kawo ƙara?" Maigidana ya fi kowa. Yakan ce gwamnati ta rasa abin yi, ta ɗauki ƙato aikin gaishe da itatuwa. Amma ni na san in Auta ya juya baya, har leƙa shi yake ta ƙofa yana kallon tafiyarsa, yana shafa gemu.

Daga baya aka ɗora masa mujallar ofishin. 'Yar ƙarama ce, tana fitowa in an sami takarda kuma mai ɗab'i bai yi fushi ba. Shi ke bin malaman makaranta da likitan dabbobi yana roƙon rubutu, shi ke gyarawa, in ba a kawo ba ya cike gurbin da kansa. Ni rabona da ita tawada, don ni ke wanke hannun rigarsa da lemun tsami. Ya kama ɗaki a unguwar Jarwal kusa da aikinsa, amma cikinsa a Misfala ya bar shi. Duk Juma'a yana nan, sauran kwanaki ma in hanya ta biyo da shi, kuma hanyar ba ta gajiya da biyowa.

Ina soya gyaɗa lokacin, yara na kai mini bakin kasuwa. Wata rana ya tarar ina ƙunsa ta a cikin wasu takardun mujallar da ya bari a ɗakina. Ya ɗauki ƙunshi ɗaya ya warware, sai ga kan tuje ya jiƙe da mai. Na ce na shiga uku, ban san aikinka ba ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ya ce, "Yaya, ci gaba. A ofis ɗaure take da igiya ba mai buɗewa. Ke kin shigar da ita gidajen da ni ba zan taɓa shiga ba."

Daga ranar duk wadda ta kwana sai ya kawo mini.

To, ana nan ana nan, sai ya rubuta maganar ɗamara. Bai ambaci kowa ba, bai ce Misfala ba, bai ce Hausawa ba. Amma ya faɗi yadda ake yi tun daga tonon yashi har rufewa, ya sa aka zana gindin itace da sassaƙarsa. Ba a yi wata guda ba askarawa suka fara tone gindin kututture a kwari. Aka ƙwace gatura da kayan mutum biyu 'yan unguwarmu, ɗaya mai 'ya'ya ƙanana. A wurin mai shayi aka sami mai karatu ya karanta wa masu itace abin da Auta ya rubuta, maigidana yana zaune. Wani dattijo a cikinsu ya dube shi ya ce, "Da ɗan gari akan ci gari. Wa ya nuna masa, in ba wanda ya goya shi a jaki ba?"

Ranar Juma'a aka sauko daga masallaci, na kawo musu tuwo a akushi ɗaya kamar kullum. Auta ya yi bisimilla, ya yanko loma. Maigidana bai sa hannu ba.

Ya ce, "Kai ka rubuta?"

"Ni ne, Baba."

"Da wane itace aka dafa abincin da ya kai ka makaranta?"

"Da naka."

"Mai ɗamara ko marar ɗamara?"

Auta ya ce, "Na sani, Baba. Shi ya sa ma na san zafin abin."

Ban taɓa ganin idon maigidana ya yi ja haka ba. Ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Wallahi tallahi, ba za ka ƙara cin abincin da aka dafa da itacena ba."

Lomar tana hannun Auta. Ya mayar da ita gefen akushi a hankali, ya jawo buta ya wanke hannu, ya ce, "To, Baba." Bai tashi ba. Ya zauna har aka gama, ya yi mana sallama kamar ba a yi komai ba.

Ku duba fa. A gidan nan babu abin da ke hawa wuta sai da itacen maigidana. Tuwo, kunu, shayi, har gyaɗar da nake soyawa. Na ɗauka Auta zai yi fushi ya ɗauke ƙafa. Da ya yi hakan ma da ya fi mini sauƙi. Juma'a ta zagayo sai ga shi da dabino a ƙunshe a mayafinsa. Ya zauna a wurin zamansa, ya ɗebi ruwa a tulu, ya ci dabinonsa, mu muna cin tuwo. Ta gaba ma haka. Su yi hirar zafin gari, su yi hirar kofaton jaki, su yi hirar alhazan bana, ba mai taɓa wancan zancen. Maigidana ya riƙa cin abinci kansa a sunkuye, loma uku ya ce ya ƙoshi. Auta kuwa, wake da gurasar kasuwa ba su taɓa karɓarsa ba. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

Ni ce a tsakiya. Yaron da na tauna wa abinci a hanyar Sudan, yau yana zaune kamu biyu daga tukunyata, ƙanshi na dukansa, ba ni da ikon miƙa masa ludayi ɗaya. Wanda bai ga wannan ba bai san abin da ake kira tuwo ya zama dutse ba.

Na sami maigidana na ce, "Malam, rantsuwar fushi ai tana da magani."

Ya ce, "Ke, baiwar Allah, a gaban mutane aka kira ni mai kiwon maciji. In lashe amaina kuma?"

Na sami Auta na ce ya ba da haƙuri. Ya je har inda ake ɗaure jakuna, ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe mini ɓacin ran da na sa ka."

"Ka janye abin da ka rubuta?"

"Wannan ba zan iya ba. Kwarin da ka fara kai ni, har barci muke yi a inuwa. Na bi ta can kwanan baya, ko jaki ba zai sami inda zai sa kansa ba. Kai ma yanzu ina kake kaiwa kafin ka cika kaya?"

Maigidana ya ci gaba da gyaran akumari. Amma amsar ni na san ta, don tafiyar da yake yi da can ya kwana ɗaya, yanzu sai in gaji da duban hanya.

Haka muka ci watanni, har azumi ya wuce Auta yana buɗa baki a wani wuri.

Muna da maƙwabciya, wata tsohuwa da ta zo ta Chadi, mai sayar da turaren wuta, bakinta kamar reza amma cikinta fari. Ta same ni ina share hawaye a bakin murhu, ta ce, "Ke dai ba ki da wayo. Da me ya rantse?"

Na ce, "Da itacensa."

"To kananzir itacensa ne? Matan Jarwal duk sun koma dafur. Ki dafa wa ɗan uwanki a kai, rantsuwa tana nan daram, yaro ya ƙoshi, maigida bai ji kunya ba. Halas, shi ke nan!"

Dafur wani ɗan murhun ƙarfe ne mai ƙafa uku, a zuba masa kananzir a yi ta buga masa iska. Na aika aka kira Auta, na faɗa masa. Ya ce anya, Yaya? Na ce alhazan Kano sun kawo mini sabuwar kuka da daddawa. Bai ƙara cewa anya ba. Ranar Alhamis ya aiko da shi a cikin kwali.

Safiyar Juma'a ni da tsohuwar muka tasa shi a gaba kamar baƙon da ba mu jin yarensa. Ta buga iska, na ƙyasta ashana, wuta ta yi sama har ta lashe mata bakin mayafi, ta yi baya tana salati tana zagin wanda ya ƙera shi. Da ƙyar ya daidaita, ya kama huci kamar kububuwa. Na tuƙa tuwo a kai, na kaɗa miya, raina fari.

Maigidana ya riga Auta dawowa daga masallaci. Tun daga ƙofa ya ji hucin. Ya tsaya ya dubi murhuna a kashe, ya dubi abin, ya dube ni. Na faɗa masa yadda muka shirya, ban rage komai ba. Ya sami wuri ya zauna a kan turmi, yana kallon wutar nan shuɗiya. Har Auta ya yi sallama ya shigo, yau ba dabino a mayafinsa.

Sai maigidana ya ce, "Kashe shi."

Na ce, "Malam, ai ba itacenka..."

"Na ji. Kashe shi." Na sassauta ƙusar da ke riƙe iskar, hucin ya mutu. Ya juya ga Auta. "Kai da ka iya zana ɗamara a takarda, ba ka gane ta in an ɗaura ta a tsakar gida? Kun tone gindin rantsuwata kun sassaƙe, kun mayar da yashi. Ta mutu a tsaye, ku ce a bushe kuka same ta."

Auta ya sunkuyar da kai. Ni ma.

Maigidana ya ce, "Shekara da shekaru ina yi wa askari wannan, ina gaya wa kaina ban yi ƙarya ba. Askari mutum ne, ana rufe masa ido da yashi. Amma wanda na rantse da sunansa fa? A garinsa, ina jin kiran sallar ɗakinsa daga shimfiɗata? A'a. In zan sare ta, ɗanya zan sare ta, kowa na gani, in biya abin da ke kaina."

Ya sa na juye tuwon na kai wa tsohuwar. Ta karɓa tana cewa ita dai ba ta yi asara ba. Ranar nan Auta ko dabino bai samu ba, da ruwa ya tashi.

Bayan la'asar maigidana ya tafi wurin limamin unguwa, aka gaya masa kaffara: ya ciyar da miskinai goma. Da sassafe ya kora jakinsa. Ya daɗe bai dawo ba, don ya ce ba zai ɗauko sai wanda Allah ya kashe da kansa. Ya dawo da wata magarya da ambaliya ta tumɓuke, saiwarta a waje, ya faskara ta a ƙofar gida da rana tsaka. Masu itace suka taru suna kallo. Dattijon nan na wurin mai shayi ya ce, "Biki za a yi?" Maigidana ya ce, "Rantsuwa zan karya. Wanda ke da magana ya faɗa yanzu." Ba wanda ya tanka.

Juma'a na ɗora babbar tukunya a kan wutar magarya. Ya tafi da kansa ya kirawo mutum goma cikin alhazan da guzuri ya ƙare musu, masu kwana a gefen hanya, ya shimfiɗa musu tabarma, ya tsaya a kansu har suka ƙoshi suka yi addu'a suka tafi. Auta na rakuɓe a gefe tun ɗazu, hannuwansa a cinya. Maigidana ya ɗauki akushi da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya dire a tsakaninsu.

Ya ce, "Matso, limamin ƙadangaru, kafin iska ta ɗauke ka ta kai wa barewa."

Auta ya matso. Ya yi bisimilla.

"Kada ka ɗauka na ce ka yi daidai."

"Ban tambaya ba, Baba. Turo miyar nan gabana."

Sau uku ina ƙara musu. Na koma bayan ɗaki na zauna, don kada su ga fuskata.

Maigidana bai sake ɗaura wa itace ɗamara ba, bai kuma hana kowa ba, don ya ce shi ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Busasshe na gaskiya ba ya riƙe gida, sai sana'ar ta yi ta ƙanƙancewa a hannunsa. Abokansa suka ja baya da shi shekara guda ko fiye, daga baya zumunci ya dawo. A ƙarshe gwangwanayen kananzir ya koma ɗora wa jakinsa yana bin unguwanni, yana tsinar warinsa har ranar da ƙafa ta gaza. A Misfala ya rasu, aka yi masa salla a Harami, Auta ne ya shiga kabarinsa. Allah ya haskaka masa.

Mutumin nan mai 'ya'ya ƙanana da aka ƙwace wa gatari, Auta ya yi ta zirga-zirga har aka ɗauke shi aikin ban ruwa a gonar gwaji ta ofishinsu. Bai taɓa gode masa ba, kuma Auta bai taɓa jira ba.

Tsohuwar mai turare ta koma ƙasarta da wani ayari, ba mu sake jin labarinta ba.

Auta ya riƙe mujallarsa har aka mayar da ofishin wani gari aka haɗe ta da wata, aka ba wani. Ya ci gaba da yawon makarantu da kwalayensa har furfura ta rufe shi. Barewar da yake roƙa wa arziki ba ta tsira a kwaruruka ba, wannan ya mutu da baƙin cikinsa. Ya yi aure a makare, ya haifi biyar, Hausarsu ba ta wuce sannu da na gode ba. A Ta'if ya ƙare kwanansa, a wani ɗan gida mai rumman a tsakar gida.

Ni kuwa ga ni, an rushe unguwarmu an kawo ni Ka'akiyya, a bene hawa na uku, ina jiran nawa kiran.